Kwana shida ni kaɗai da jakar goyo: abin da ban ɗora a sitatus ba

Idan kana cikin waɗanda suka ga hotona ranar Laraba a bakin teku a Kwatano, na goya jaka ina kallon ruwa kamar mai tallar kamfanin jirgi, har ka danna min zuciya ka rubuta "Allah Ya kai mu", to kana bi na bashin gaskiya. Minti 20 kafin a ɗauki hoton nan ina zaune a kan wani dakali ina lissafin ko kuɗin da ke aljihuna zai mayar da ni Kano a washegari. Wanda ya ɗauki hoton ma ban san shi ba. Duk tsawon lokacin da wayata take hannunsa ƙirjina dukan uku-uku yake yi, kar ya arce da ita.

Yau kwanana shida a waje. Ina rubuta maka wannan ne daga Accra, birnin da kakanninmu suke kira Ankara. Shirina kwana 45 ne, ni kaɗai, ta mota: Benin, Togo, Ghana har zuwa Kumasi da Tamale da Salaga, in kuɗi ya yi saura in leƙa Abidjan. Kuɗin kuwa na shekara biyu ne da na tara ina haɗa wa mutane bidiyon biki da tallar shaguna a waya. Saƙonni sun cika min akwati, yawanci tambaya ɗaya ce: "Ya ake yi?" Zan faɗa maka yadda aka yi, har da wuraren da na ji kunya.

Kafin boda, akwai bodar gida

Ranar da na gaya wa Baba, tambaya uku ya yi min. "Wa ka sani a can?" Na ce babu. "Me za ka saro?" Na ce babu. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "To wa ya aike ka?"

Kar ka yi saurin cewa tsofaffi ba su waye ba. A wurinmu tafiya tana da suna: fatauci, neman ilimi, ci-rani, zumunci, aikin Hajji. Wadda ba ta shiga ɗaya daga cikin waɗannan ba sunanta yawon duniya, kuma ka san ba yabo ba ne a ce wa mutum ɗan yawon duniya. Mako uku na yi ina bi, sai da kawuna ya sa baki. Aka gindaya min sharaɗi: ba tafiyar dare bayan na tsallaka, zan kira Umma kullum ƙarfe bakwai na yamma, kuma duk ranar da ta ce in dawo, magana ta ƙare.

Takardu ba su da wuya kamar yadda ake zato. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga ɗaya ya zauna har kwana 90 ba biza. Fasfo kake buƙata, sai katin rigakafin cutar shawara, mai launin rawayan nan. Ka yi allurar da wuri, domin sai bayan kwana 10 katin yake fara aiki. Wasu sun tambaye ni me ya hana in bi ta arewa, ta Nijar da Burkina Faso, hanyar da ta fi kusa da ta fataken da. Ƙasashen biyu da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, akwai takun-saƙar da ta rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin 2023, ga kuma rashin tsaro a yankin. Da na ambaci hanyar nan a gida, da yanzu ina ɗakina. Shi ya sa na gangara Legas, na kwana a Agege, da sassafe ranar Talata na nemi motar Seme ta hanyar Badagry.

Jakata kilo 16 ce ranar da na fito. Kaftani uku, takalma biyu, littattafai huɗu da na rantse zan karanta, ƙafar kyamara, garin kwaki, kilishi, yaji. A ɗaki ka ɗaga ta ka ji kamar wasa. Ka goya ta minti 40 a ranar bakin teku, inda gumi ba ya bushewa, sai ka fara tsanar kowane littafi da sunansa.

Ranar farko kuɗi ke zuba

Boda uku na tsallaka zuwa yanzu, kuma ba zan faɗi a wacce abin da zan ba ka labari ya faru ba. Kana sauka daga mota za su yanyame ka. Wannan ya kama jakar, wancan ya ce kawo fasfo in kai maka, wani ya ce ofishin ya tashi sai ta bayan gida. Babu ɗayansu da ke sanye da kaki. Ni da nake taƙama ina karantar aikin jarida, na miƙa wa wani fasfona don kawai ya yi magana da ƙarfin hali. Na bi shi a guje kamar ɗan akuya, jaka tana dukan ƙeyata. Da muka isa gaban tebur sai aka buɗe fasfon aka ga fari fat, ba a taɓa buga masa hatimi ba, aka ce ai sabon fasfo kuɗinsa daban. Na tambayi rasit, aka yi dariya. Na biya. Ɗan rakiyar ma ya karɓi nasa.

A boda ta gaba na canja salo. Fasfo a hannuna, ban ba kowa ba sai wanda ke zaune a bayan tebur. Na ware ƙananan kuɗi a aljihun gaba, manyan suna can cikin wando. Na laɓe a bayan wasu mata 'yan kasuwa da ke tsallakawa kamar masu shiga kicin ɗinsu, duk inda suka tsaya na tsaya. Abin da na kashe bai kai rabin na farko ba.

Sai canji. Yayyenmu suna ba da labarin lokacin da naira take taƙama a Kwatano. Wannan zamani ya wuce: yanzu naira 1,000 ba ta kawo maka sefa 500. Sefa ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, don haka ba ta rawa irin tamu. Alherinta ɗaya, ita ake kashewa a Benin da Togo, sai ka shiga Ghana za ka koma sidi. Kar ka canja duka a bakin boda, kar ka dogara da katin banki, kuma ka ƙirga kuɗinka sau biyu a gaban ɗan canji ko da yana tsaki. Ni ban ƙirga ba, kunya ta hana ni. Kunyar nan ta ci min kuɗin abincin kwana biyu.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓarsu, da ake kira zem, rigar rawaya suke sawa mai lamba a baya, kuma in suka taso daga danja sai ka ce an fasa gidan rina. A gefen titi ga fetur nan a manyan kwalabe, yawancinsa daga Najeriya aka tsallako da shi. Faransancina bai wuce gaisuwa da godiya ba, saboda haka ciniki a waya muke yi: ya rubuta lamba, in goge in rubuta tawa. Ka yi cinikin kafin ka hau. Kuma ka sauke taswirar garin a Google Maps tun kana da data, domin layinka na gida zai iya yin shiru kana tsallakawa, sabon layi kuwa sai ka nemi shago ka nuna fasfo.

Daren Laraba

Wannan ne abin da babu mai ɗorawa, kuma shi ne dalilin rubutun nan.

Na kama ɗaki mai arha a wata unguwa da ban ji ana Hausa ba. Da gangan na yi, wai ni matafiyi. Fanka tana juyi kamar an tilasta mata, sauro kuwa kamar an gayyace su walima. Ranar Laraba na fita yawo, na ɓata sau biyu, na ci burodi dogo kamar sanda da ruwan leda domin ban san yadda zan tambayi abin da ke cikin miya ba. Da daddare ina kwance sai wani abu ya faɗo min: tun safiyar Talata babu wanda ya kira sunana. Ko mutum ɗaya. A gida kafin ka karya an kira ka sau goma, an aike ka, an yi maka faɗa, ƙaninka ya ɗauke maka caja. Kana ƙorafi, ashe abin nan ne yake riƙe da kai.

Sannan ga gajiyar yanke shawara. A gida ba ka tunanin ina alƙibla, wane ruwa za ka sha, wace mota za ka hau. A nan komai sai ka zauna ka auna, daga asuba har dare, ba wanda za ka juya ka ce wa "ya kake gani?" Ko alwala za ka yi a tasha, wa zai riƙe maka jaka? Da ita na shiga banɗaki, a goye, kamar mai jego.

Me na yi? Abin da kai ma za ka yi. Na ɗauki waya. Awa uku ina kallon sitatus ɗin abokaina a wurin kamun wani ɗan ajinmu, ina ganin shinkafar da na san ɗanɗanonta. Na baro Kano da nisan fiye da kilomita 1,000 don in zo in kwanta ina leƙen Kano ta ramin waya. Data ta ƙare wajen ƙarfe ɗaya. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, irin na yaron da aka kai makarantar kwana. Na ƙudurta da safe zan koma, in ce wa mutane zazzaɓi ne ya kama ni.

Abin da ya hana ni ba jarumta ba ce. Tunanin fuskar Baba ne in ya gan ni a ƙofar gida bayan kwana huɗu, ba zai ce komai ba, zai dai mayar da tabaransa. Sai na yi wa kaina alkawari ƙarami: in ƙara kwana ɗaya tak, in kuma fita in yi magana da mutum uku ko da da hannu ne.

"Dala arba'in, samari"

Ranar Alhamis na shiga Dantokpa, babbar kasuwar da ke bakin ruwa, wadda ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Ina kutsawa tsakanin buhuna sai na ji wani ya daka wa yaronsa tsawa: "Kai, ɗauko min wancan buhun mana!" Wallahi sai da na tsaya cak. Na juya na yi sallama. Mai albasa ne, mutumin yankin Tawa a Nijar, albasar Galmi yake sayarwa. Ya dube ni sama da ƙasa, ni da jakata da gumina, ya ce, "Daga ina aka koro ka?"

A wurinsa na koyi lissafin sefa da Hausa. Dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka in mai shayi ya ce maka dala arba'in, sefa 200 yake nufi. Jika kuwa 1,000. Ya haɗa ni da ɗan zem ya ce a kai ni Zango.

Ka san kalmar. Zango shi ne inda ayari yake sauke kaya ya kwana. Ɗaruruwan shekaru fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja su saro goro, kasuwar Salaga ce babbar matattararsu. Inda suka yada zango, wasu suka zauna, suka yi aure, wurin ya zama unguwa. Shi ya sa za ka tarar da Zango a Kwatano, a Lome, a Kumasi, a Accra. Alhassan Ɗantata ma a harkar goro tsakanin ƙasar da ake kira Ghana yanzu da Najeriya ya kafa arzikinsa. Wato hanyar da nake ta yi wa kuri a Instagram, kakannin wasunmu da ƙafa suka taka irinta, ba fawa bank.

A Zangon Kwatano na ji kiran salla a kusa, na ga mai tsire, na ga mai shayi yana ɗaga kofi sama. Wani dattijo mai shagon yadi ya tambaye ni, "Ɗan gidan wa?" Na faɗi unguwarmu, ya ce ya taɓa kwana a can shekarun baya. Ya ce, "Ɗauko kayanka, ɗana. Baƙo ba ya biyan kuɗin ɗaki muna nan." Na ce, "Baba, kar in ɗora muku nauyi." Ya ce, "Nauyin ai shi ne a bayanka." Daren nan na ci tuwo, na yi barci kamar gawa a kan tabarma tare da yaran shagonsa.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zauna a majalisa, ana shayi, ana musun Barcelona da Madrid, ana zagin tsadar rayuwa. Daɗi kamar me. Sai da yamma ta yi na lura yini guda ban yi magana da ɗan Benin ko ɗaya da ba Hausa yake ji ba, ban koyi kalma ɗaya ta Faransanci ko ta Fon ba, ban taka ko'ina ba. Zan iya yin kwana 45 ɗin nan daga Zango zuwa Zango, in ci tuwo a ƙasa huɗu, in dawo gida da hatimai a fasfo alhali ban bar Fagge ba. Gata ne babba a ce harshenka yana jiran ka a kowace tasha, Bature mai jakar goyo ba shi da wannan. Amma gatan yana iya zama keji. Sai na kafa wa kaina doka: in na sauka a gari, dare ɗaya a Zango in huta in tambayi hanya, sauran a waje.

Da zan tafi na bar wa yaran shagon littattafai uku, kaftani biyu da ƙafar kyamarar da ban taɓa buɗewa ba. Dattijon ya ƙi karɓar ko sisi, sai ma ya rubuta min sunan wani a Kumasi a bayan takardar rasit.

Wida, da awa ɗaya da ta ɓace

Ranar Asabar na tsaya a Wida, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano. Daga cikin gari akwai hanya ta kusan kilomita huɗu zuwa bakin teku, ita aka riƙa bi da bayi zuwa jiragen ruwa. A ƙarshenta aka gina wata ƙofa a 1995 don tunawa da su, ana kiran ta ƙofar da ba a dawowa. Na taka hanyar da ƙafa. A makaranta an koya mana cinikin bayi kamar labarin wasu mutane can, alhali akwai Hausawa cikin waɗanda aka kwasa daga wannan gaɓa zuwa Bahia a Brazil, har suka kitsa tawaye a can a 1807. Na tsaya ina tunanin wani mai irin sunana, mai jin yaren da nake ji, da ya ga teku karon farko a nan. Na ɗauki hoto ɗaya, na kasa samun abin da zan rubuta a ƙasansa, har yanzu yana cikin waya.

Daga nan na wuce Togo, inda na tafka kuskuren da ya fi na boda ciwo. Benin agogonsu ɗaya da namu, amma Togo da Ghana suna bayanmu da awa ɗaya. Wayata ta gyara kanta ban sani ba. Na sami masauki a Lome, na yi wanka, na jira bakwai ta buga, na kunna data hankali kwance. Kira 14 a WhatsApp. A Kano takwas ta yi. Umma ta ɗauka ba ta ko amsa sallama ba, muryarta tana rawa: "Ka san abin da na saƙa a raina cikin awa ɗayan nan?" Na yi ta ba da haƙuri ina bayanin agogo, ta ce ita ba ta san wani agogon Togo ba. Da ƙyar maganar "dawo gida" ba ta fito ba. Kai kana can kana neman kanka, wata tana zaune da carbi tana ƙirga mintoci. Yanzu ƙararrawa biyu ce a wayata, kuma agogon hannuna na bar shi a lokacin Kano.

Ke kuma 'yar'uwa da kika rubuto kina tambaya ko mace za ta iya: ba zan yi miki ƙarya in ce daidai muke ba. Bodar gidanki ta fi tawa tsauri, kuma tabarmar shagon da aka shimfiɗa min ba za a shimfiɗa miki ba. Abin da na gani dai shi ne motocin hanyar nan cike suke da mata 'yan kasuwa, kuma su ne suka fi kowa sanin ta. Ni ma a bayansu na fake.

Togo siririya ce ta bakin teku, ba ta kai kilomita 60 ba, kuma bodar Ghana a cikin birnin Lome take. Da ƙafa na taka na shiga Aflao yau da safe, na hau mota zuwa Accra. Jin Turanci a bakin kwandasta ya yi min daɗi kamar an cire min ƙaya. Na ajiye jaka na tafi Nima na ci waakye, shinkafa da wake ke nan, sunan ma daga waken namu ya samo asali. Mai abincin tana ba ni labarin 'yarta tana cewa "ya tafi makaranta", na ɗauka ɗa namiji ne, ashe Hausar nan ba ta raba mace da namiji. Ta yi dariyar tawa Hausar ita ma, ta ce ina magana kamar rediyo.

Bisa dokata, daren yau na Zango ne, gobe in koma wani masauki a cikin gari inda ban san kowa ba. Jakar ta dawo kilo 11. Na wanke riga biyu na shanya a tagar ɗaki, ban sani ba ko za su bushe kafin safe. Takardar rasit ɗin dattijon tana cikin fasfo, sai ranar Alhamis zan nemi motar Kumasi. Yanzu shida saura minti biyar a nan, bari in je in nemi inda sabis ya fi ƙarfi.